Tazargade da Danginsa: Tsakanin Riwaya da Diraya

 Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɓoye a cikin ciyawar jeji asiran da har gobe masu ilimi ba su gama tono su ba. 

Mai girma shugaban taro, malamaina masu daraja, iyayenmu mata, likitoci da masu haɗa magunguna, masu maganin gargajiya da na hango a sahun gaba, ɗalibai maza da mata:  Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan majalisi, suka kuma bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na zaɓi wani jinsi na tsirran jeji wanda masana suke kira Artemisia, wanda ɗaya daga cikin 'ya'yansa, wato tazargade, ba baƙo ba ne a ɗakunan iyayenmu mata, wani ɗan nasa kuma, can daga ƙasar Sin, shi ne tushen maganin da ake ba 'ya'yanmu a asibiti duk daminar da zazzaɓi ya kwantar da su. Zan kasa maganata kashi shida, ina roƙon ku haƙuri, domin wasu kason za su fi wasu tsawo.

Na farko, mu san gidan da wannan tsiro ya fito. Masana ilimin tsirrai sun kasa tsirran duniya dangi-dangi, kowane dangi suka raba shi jinsi-jinsi, kowane jinsi kuma nau'i-nau'i; dangin da muke magana a kai, wanda suke kira Asteraceae, yana cikin mafiya girma a duniya, domin nau'o'insa sun haura 23,000, kuma a cikinsa ne ake samun latas da muke ci a salak, da shuwaka da matanmu suke wankewa su yi miya da ita, da babban furen nan mai ruwan ɗorawa wanda ake tatsar mai daga 'ya'yansa. Me ya haɗa latas da shuwaka da tazargade, alhali ga ido babu wata kama tsakaninsu? Furensu ne. Idan mutum ya tsinko abin da yake zaton fure guda ne daga ɗayansu, ya sa shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, zai tarar ashe tarin furanni ne ƙanana ƙwarai, an jera su a kan faifai ɗaya, an kewaye su da 'yan ganyayyaki kamar ɓawo, kowane ɗaya kuwa yana iya ba da ƙwayar irinsa. Jinsin Artemisia, wanda masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya tabbatar da sunansa a littafinsa na shekarar 1753, yana da nau'o'i tsakanin 300 da 500 gwargwadon saɓanin malamai wajen ƙidaya, kuma ya bambanta da yawancin danginsa da abu guda: furensa ba ya ado. Ƙanana ne kamar ƙwayar dawa ko ƙasa da haka, launinsu tsakanin kore da rawaya, sau da yawa sun sunkuyar da kai, saboda ba su da bukatar kiran ƙudan zuma. Iska ce take ɗaukar ƙurar furen daga wannan tsiro zuwa wancan. Abin da aka hana shi na kyaun fure an ba shi a ganye, domin a jikin ganyen akwai wasu 'yan ƙunduna da ido ba ya gani, cike da mai mai ƙamshi da ɗaci, waɗanda tsiron yake kare kansa da su daga ƙwari da dabbobi. Wannan ɗacin da ƙamshin su ne suka jawo hankalin ɗan Adam tun zamanin da.

Mazauninsa kuwa galibi busassun ƙasashe ne na arewacin duniya. Akwai nau'in da ya rufe filayen yammacin Amurka iyakar ganin ido. Akwai shihu, wanda makiyayan Maroko da Aljeriya da ƙasar Sham suka sani, suna sa shi a shayi, tumakinsu suna kiwo a cikinsa. Akwai wanda Faransawa suke ƙamsasa girki da shi. Akwai Artemisia afra, wanda yake fitowa a tsaunuka tun daga Habasha har Afirka ta Kudu. Akwai kuma afsantin, wanda Turawa suka riƙa sarrafa wata muguwar giya da shi har gwamnatin Faransa ta haramta ta a 1915. Namu kuwa, tazargade, wanda ake saye busasshe a hannun 'yan koli, launinsa toka-toka, yana marmashewa a tafin hannu, ƙamshinsa ya daɗe bai bar yatsu ba, shi ne iyayenmu suke jiƙawa, ko su turara, ko su haɗa da mai su shafa wa yaro mai mura. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, shi da abokin aikinsa Hutchinson ne suka ba nau'in sunan Artemisia maciverae.

Na biyu, abin da magabata suka rubuta. Littafin likitan nan na Yunanawa, Diyuskuridus, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Hunainu ɗan Ishaƙa ya duba fassarar, ya ambaci afsantin da amfaninsa ga ciki. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo shi a cikin Alƙanun. Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga ta Andalus, wanda ya taka ƙasashen Magrib da Misra da Sham da ƙafarsa yana tattara tsirrai har ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tara magunguna da abinci kimanin 1,400 a littafinsa Aljami'u, shihu da afsantin suna ciki. Abin da nake so ɗalibai su lura da shi a nan shi ne ɗabi'ar waɗannan malamai: sukan kawo abin da suka karɓa daga na gaba da su, su ambaci mai maganar, sa'an nan su faɗi abin da suka gani da idonsu, ko da ya saɓa. Arrazi littafi sukutum ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da maganganun likitan Yunanawa Jalinusu, alhali kuwa yana ganin girmansa. Malaman hadisi suna da ilimin riwaya, wato kiyaye abin da aka karɓo, suna kuma da ilimin diraya, wato binciken ingancinsa; ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba, kuma a nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta risaloli a kan ɗibbu, ɗan wannan makaranta ne. Wani nau'in Artemisia na ƙasar Turkistan, wanda magabata suka riwaito cewa yana kashe tsutsar ciki, an bincike shi a Turai, aka fitar da sinadarin santonin daga cikinsa a 1830, aka yi shekara fiye da ɗari ana ba da shi, sa'an nan aka ajiye shi da aka sami wanda ya fi shi aminci. Riwayar ta inganta, amma diraya ce ta nuna iyakarta.

Na uku, kuma a nan zan daɗe, labarin Artemisia annua, wanda Sinawa suke kira cinhawo. A shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da sojoji a dazuzzuka fiye da yadda harsashi yake yi, kulorakwin kuma, wanda duniya ta dogara da shi, ya fara gazawa a wannan yanki. Shugabannin Biyetnam ta Arewa suka nemi taimakon Sin, gwamnatin Sin kuwa ta kafa wani shiri na asiri ranar 23 ga Mayu, 1967, wanda ya tara masana fiye da 500 daga cibiyoyi kimanin 60. A 1969 aka ɗora wa wata mace mai suna Tu Youyou, haifaffiyar birnin Ningbo a 1930, wadda ta karanci haɗa magunguna, ba ta da digirin dakta, ba ta kuma taɓa karatu a ƙasar waje ba, shugabancin wani rukuni da zai binciki littattafan magabata. Ita da mutanenta suka bi tsofaffin littattafai da bakunan masu magani, suka tattara haɗe-haɗe fiye da 2,000, suka tace su zuwa 640, suka gwada ruwan magani ɗaruruwa a kan ɓerayen da aka sa wa cutar. Cinhawo yana cikin waɗanda aka gwada, amma sakamakonsa bai tsaya wuri ɗaya ba: yau ya nuna ƙarfi, gobe ya nuna rauni.

To, a nan ne wurin da nake so kowa ya saurara. Mai gaggawa da ya jefar da tsiron ya ce ƙaryar tsofaffi ce. Mai taƙlidi kuma da ya ce tun da magabata sun faɗa, ba sai an gwada ba. Ita ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ba. Sai ta koma ga wani ɗan littafi na malamin nan Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4, fiye da shekara ɗari biyu kafin Hijira, ta sake karanta bayaninsa da idon mai tahƙiƙi, sai ta lura cewa shi bai umarci a dafa ganyen ba, jiƙawa ya ce a yi a matse ruwan a sha, alhali kuwa su tafasa shi suke yi kamar yadda aka saba da sauran magunguna. Ashe zafin ne yake lalata abin da suke nema? Sai ta canza hanya, ta tatsi ganyen da wani ruwa da ake kira ita (ether), mai tafasa a zafin da bai wuce awo 35 ba, kuma ranar 4 ga Oktoba, 1971, samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar ƙaƙaf a jikin ɓerayen. Ku dubi wannan lamba, jama'a: sau 190 ana dawowa hannu banza. Da aka zo maganar gwadawa a jikin mutum, ita da abokan aikinta biyu suka fara sha a 1972 don a tabbatar ba guba ba ne, sa'an nan aka kai shi tsibirin Hainan aka ba majiyyata 21, zazzaɓinsu ya sauka. A ƙarshen wannan shekara suka sami tsantsar sinadarin, farare kamar gishiri, wanda yanzu ake kira atemisinin. Iyayenmu mata, ku sani cewa wannan baiwar Allah ta rabu da 'ya'yanta mata biyu ƙanana tsawon shekaru saboda wannan aiki, ɗaya a gidan reno, ɗaya a hannun kakanni. Da aka buga sakamakon a 1977 ba a sa sunan kowa ba. Sai a 2015, tana da shekara 84, aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Na huɗu, yaya yake aiki, kuma me ya tsinana mana? Ƙwayar cutar maleriya, bayan sauro ya zuba ta a jiki ta yi zamanta a hanta, takan shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta riƙa cin abin da ke cikinsu, a cikin wannan abinci kuwa akwai ƙarfe. Shi atemisinin yana ɗauke da wata gada ta ƙwayoyin iskar shaƙa guda biyu a ƙirarsa, wadda da zarar ta haɗu da wannan ƙarfe sai ta tsinke, ta saki abin da yake lalata ƙwayar cutar daga cikinta. Wato abincin da ta ci shi ne yake kunna ajalinta. Subhanallah! Saurinsa ya wuce na duk maganin da aka sani, domin a kowane zagaye na kwana biyu yana iya rage yawan ƙwayoyin ninki dubu goma. Amma yana da aibi guda babba: ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan sa'o'i ya fita. Saboda haka ne ake haɗa shi da wani magani mai jinkirin fita, kamar lumefantirin, wanda yake zama kwanaki yana share ragowar, kuma wannan haɗi shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma gare shi tun 2001. Ga zazzaɓi mai tsanani kuwa, irin wanda yaro yake sanƙarewa idanunsa su kakkafe, an yi wani babban gwaji da aka buga a 2010, a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, Ilori tana cikin wuraren da aka yi shi: cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunet, ɗiyar atemisinin, kashi 8.5. Wani zai ce tazarar kaɗan ce. Ya tambayi uwar da ɗanta yake cikin wannan tazara. Kuma ya tuna cewa a 2022 an ƙiyasta mutum miliyan 249 suka kamu da maleriya a duniya, 608,000 suka rasu, kuma Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu kamuwa da kashi 31 na mamatan, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi yawan rashi.

Na biyar, hatsarin da nake tsoro, wanda shi ne ainihin dalilin tsayuwata a gabanku. A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta rufe duniya, shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da wani ruwan magani da aka haɗa da Artemisia annua, ya ce yana maganin annobar, alhali ba a gabatar da gwajin da zai tabbatar da haka ba. Labari ya iso mana da sunan tazargade, sai jama'a suka ɗauka tsiron Sin da na Madagaska da na cikin ƙullin tsohuwa duk abu guda ne. Hausawa kuwa sun riga sun yanke hukunci: kama da wane ba wane ba ne. Artemisia afra, ga misali, ɗan jinsin ne na halak, amma atemisinin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Shi kansa annua, yawan sinadarin a busasshen ganyensa yana tashi daga kashi 0.01 cikin ɗari zuwa sama da kashi ɗaya, gwargwadon iri, da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin girbi, da yadda aka shanya shi, ta yadda mai shan shayinsa ba shi da hanyar sanin ko ya sha abin da zai isa ko kuwa ɗigo ne kawai. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan shan ganyen ko shayinsa a matsayin maganin maleriya ko rigakafinta.

Mene ne laifin shan kaɗan, in bai warkar ba ai bai kashe ba? Laifinsa shi ne maganin da bai kai awo ba yakan kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin rai, su kuwa su hayayyafa, sauro ya ɗauke su ya kai gidan maƙwabci. Haka kulorakwin ya mutu a hannunmu: bijirewar ta fara a ƙarshen shekarun 1950 a kan iyakar Tailan da Kambodiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta mamaye nahiyar, yara suka yi ta mutuwa ana ɗura musu maganin da ya daina aiki, dattawan da ke nan sun ga wannan zamani. Yanzu kuma tarihi yana neman maimaita kansa a kan hanya ɗaya: a 2008 da 2009 aka ba da rahoton cewa a yammacin Kambodiya ƙwayoyin cutar sun fara jinkirin mutuwa a gaban atemisinin, a 2014 aka gano sauyin halittar da yake jawo haka, daga 2020 kuma aka tabbatar da irinsa a Ruwanda, sa'an nan Yuganda da Eritiriya. Kada kuma masu maganin gargajiya su zaci su kaɗai nake nufi. Ku dubi abin da yake faruwa a gidajenmu da ƙwayar asibiti. Yaro ya kwana da zafin jiki, uba ya biya kemis ya sayo kati ɗaya ba tare da an ɗiga jinin yatsa an gwada ba. Katin na shan magani sau shida ne, safe da yamma har kwana uku, kuma ana so a bi shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. A rana ta biyu yaro ya tashi yana wasa a tsakar gida, sai uwa ta naɗe ragowar a leda ta cusa a bayan kwalla, ta ce a ajiye wa ƙanensa. Niyyarta tattali ce, Allah ya sani, talauci kuma gaskiya ne. Amma waɗannan ƙwayoyi da ta ajiye su ne aka tanada don kashe masu taurin rai. Wannan magani amana ce a hannun al'umma gaba ɗaya, kuma ƙa'idar shari'a ta kawar da cuta daga jama'a ta hau kan mai sayarwa da mai saye da mai ba da shawara.

Na shida, haƙƙin tazargade a kanmu. Ban zo nan don in raina abin da iyayenmu suka gada ba. Da Sinawa sun raina Ge Hong, da yau muna binne yara fiye da waɗanda muke binnewa. Abin da nake nema shi ne a yi wa tazargade irin adalcin da aka yi wa cinhawo. An fara: masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ruwan Artemisia maciverae a kan ɓeraye, sun ba da rahoton yana da tasiri a kan wasu ƙwayoyin cuta na jini, sun kuma ba da rahoton yana cutarwa idan awon ya yi yawa, kuma ɓangarorin biyu na wannan sakamako duk ilimi ne. Sauran aiki yana da yawa. Ana bukatar ɗalibin da zai zauna gaban tsofaffin mata da masu magani ya rubuta riwayarsu dalla-dalla, wane ɓangare na tsiron, a wane lokaci ake cira, jiƙawa ko dafawa ko turarawa, ga wace cuta, domin mun ga yadda bambancin jiƙawa da dafawa ya ɓoye magani shekara 1,600. Ana bukatar masanin tsirrai da zai bi abin da ake sayarwa a kasuwa har inda aka ciro shi, ya adana samfurinsa da furensa, ya tabbatar da nau'insa. Ana bukatar mai haɗa magunguna da zai auna, da likitan da zai gwada bisa ƙa'ida da yardar majiyyaci. Ana kuma bukatar hukuma da mawadata da za su ɗauki nauyin gwaji 190 da ba za su ba da komai ba. Ku kuma masu magani da ke sahun gaba, roƙona gare ku biyu ne: ku buɗe wa waɗannan ɗalibai abin da kuka sani bisa sharaɗin a kiyaye haƙƙinku, kuma idan aka kawo muku yaro da zafin jiki yana amai ko yana sanƙarewa, ku tura shi asibiti a wannan sa'a, kada a kwana.

Mai girma shugaban taro, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.  Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Yanzu fili naku ne: mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma zan so a fara da iyayenmu mata da masu maganin gargajiya.